Daga Darar Zuru Zuwa Faɗan Dodanni: Lissafin da ke Ƙarƙashin Wasa

Gabatarwa

A ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, kamar sauran sassan Arewa, idan rana ta yi sanyi akan ga mutum biyu sun tona ƙananan gurabe a ƙasa, ɗaya riƙe da tsakuwa, ɗaya da guntayen kara, 'yan kallo sun kewaye su. Wannan ita ce dara, wadda littattafan wasannin duniya da aka buga a Turai kan ambata tare da sunan Dakarkari, wato Lelna mutanen Zuru. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wasan faɗan dodanni da ake yi a na'ura, wanda mafi shahararsa shi ne Pokémon. Da yawa suna ɗauka cewa mai sa'a ko mai ƙaton dodo shi ne ke cin nasara a cikinsa. Wannan maƙala za ta nuna cewa wasannin biyu lissafi ne ke tafiyar da su, kuma gwaninta a cikinsu abin koyo ce.

Dara: Wasan da Babu Ɓoyo

Ƙa'idojin dara sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma sanannen tsarinta gurabe 30 ne, jeri 5 na shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Da farko ana zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku ba. Bayan nan sai a shiga matsawa zuwa gurbi na kusa, duk wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Gwanaye sun san cewa tun wurin zubi ake cin wasa, domin a nan ne ake ƙulla tsarin da ɗa guda zai riƙa kai da komowa yana cika uku a kowane motsi.

A dara komai a fili yake, kuma ba a jefa ƙuri'a. A shekarar 1913 masanin lissafi Bajamushe Ernst Zermelo ya yi nazarin wasan ces, darar Turawa, kuma daga aikinsa aka fahimci cewa a irin wannan wasa, in da kowa zai yi motsi mafi kyau, to sakamakon a yanke yake tun farko. 

Yadda Faɗan Dodanni Yake

Kamfanin Game Freak na Japan ne ya ƙirƙiro Pokémon, Nintendo ya fitar da shi a 1996 da dodanni 151. Zuwa 2023 yawansu ya haura 1,000, an kasa su nau'i 18. Ruwa na rinjayar wuta, wuta na rinjayar ciyawa, ciyawa na rinjayar ruwa. Harin da ya dace da raunin dodo yana ninka ɓarna sau biyu, wanda bai dace ba ya rage ta zuwa rabi, wani kuma ba ya tasiri ko kaɗan, kamar harin lantarki a kan dodon ƙasa. Kowane dodo hari huɗu kawai yake riƙewa.

A gasar duniya, wadda ɓangarenta na wasan na'ura ya kafu a 2009, ɗan wasa yana zuwa da dodanni 6, ya zaɓi 4, ya fara tura 2 fage. Ɗalibin lissafi zai iya tabbatar da cewa hanyoyin zaɓen 4 daga 6 guda 15 ne, na zaɓen 2 daga 4 kuma guda 6, wato tsari 90 ke gaban mutum kafin a kai hari ko ɗaya. Wannan mataki shi ne takwaran zubin dara.

Abin da ya faru a gasar 2014 a birnin Washinton na Amurka ya isa misali. Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya zama zakara da taimakon Pachirisu, wani ɗan ƙaramin dodo mai kama da kurege da ba a cika kulawa da shi ba. Aikinsa shi ne janyo hare-haren abokan gaba zuwa kansa, domin abokin tafiyarsa mai ƙarfi ya sami sarari. Ƙungiyar da 'ya'yanta suka rufa wa juna rauni ta fi tarin ƙarfafan da ba su dace da juna ba.

Ɓoyo da Yiwuwa

Abubuwa biyu ne suka raba wannan wasa da dara. Na farko, 'yan wasan biyu suna zaɓen motsinsu a lokaci guda, babu mai ganin na wani. Alal misali, mai dodon ruwa ya fuskanci mai dodon wuta. Mai wuta zai iya janye nasa ya sako na ciyawa. In mai ruwa ya hango haka, sai ya kai harin ƙanƙara, wanda ke ninkuwa a kan ciyawa. To amma in mai wuta bai janye ba, ƙanƙarar rabin ɓarna kawai za ta yi, dara ta ci gida ke nan. John von Neumann ya warware irin wannan matsala a 1928, inda ya nuna cewa mafita ita ce mutum ya riƙa sassauya zaɓinsa bisa wani ƙayyadadden kaso, yadda abokin karawa ba zai karance shi ba. John Nash ya faɗaɗa wannan nazari a 1950, aka ba shi kyautar Nobel a 1994.

Na biyu, akwai yiwuwa. Wani harin ruwa mai suna Hydro Pump ƙarfinsa 110 ne, amma kashi 80 cikin 100 yake samun abin hari. Wani mai suna Surf ƙarfinsa 90 ne, ba ya kuskure a yanayin da aka saba. Idan aka ninka 110 da 0.8 za a sami 88, wato a tsawon lokaci mai ƙaramin ƙarfin ya ɗara. Haka kuma, yiwuwar babban harin ya samu sau uku a jere ita ce 0.8 × 0.8 × 0.8, kimanin kashi 51 cikin 100. Gwani ba ya ɗaukar wannan kasada sai in ƙarfin 90 ba zai kayar da abokin gaba ba.

Yadda Ake Zama Gwani

A 1973 William Chase da Herbert Simon na Amurka sun nuna wa 'yan wasan ces allo na daƙiƙa biyar, suka ce su sake jera shi. Gwani ya tsere wa ɗan koyo nesa idan tsarin daga wasa na gaskiya ya fito, amma da aka warwatsa 'ya'yan barkatai sai tazarar ta kusa ɓacewa. Ashe abin da gwani ya tara shi ne sanin tsare-tsare masu maimaituwa. Shi ya sa dattijon da ya daɗe a bakin dara yake ganin tarko tun yaro bai gama ƙirga gurabe ba. Hanyar samun wannan sani ita ce karawa da wanda ya fi ka, komawa kan wasan da aka sha kaye a nemo motsin da ya jawo shi, da gyara rauni ɗaya kafin a wuce zuwa wani.

Kammalawa

Malami ba ya bukatar na'ura ko wutar lantarki kafin ya kawo wannan darasi aji. Gurabe 30 a harabar makaranta sun isa a koyar da hangen motsi uku gaba, katunan ruwa, wuta da ciyawa kuma a koyar da yiwuwa. Ɗalibi kuwa ya ware wa wasa lokacinsa bayan karatu, kuma ya yi amfani da wannan lissafi wajen auna cacar ƙwallo da ta yaɗu a wayoyi, inda aka tsara kason biya domin mai gidan caca ya ci riba a tsawon lokaci.