Madugun Makaɗa: Ba Ya Kiɗa, Amma Kiɗan Nasa Ne

Duk wanda ya taɓa kallon faretin sojoji ko na 'yan sanda ya ga 'yan badujala, ya kuma ga mutumin nan da ke gabansu yana kaɗa sanda. Ba ya busa, ba ya dukan ganga, amma da ya ɗaga hannu sai kiɗa ya tashi, da ya sauke sai wuri ya yi tsit. A manyan zaurukan kiɗa na Turai da Amurka, wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta, wadda mutum kan ƙare rayuwarsa yana koyo. Mai yin ta kan tsaya gaban taron makaɗan da ake kira okestira, ko gaban ƙungiyar mawaƙa, ya juya wa 'yan kallo baya. Bari mu kira shi madugu, tunda shi ne uban tafiya.

Mai karatu zai iya tambaya: tunda kowane makaɗi yana da takardar kiɗansa a gabansa, mene ne amfanin mai sanda? Amsar tana cikin yawan jama'ar. Babbar okestira kan tara mutum 80 zuwa 100. Akwai masu goge manya da ƙanana, akwai masu sarewa da 'yan uwan algaita, akwai masu ƙahonin tagulla, sannan masu ganguna can baya. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan ɗaya, saboda haka wanda ke wannan gefen dandali yakan ji na wancan gefen a ɗan makare. In kowa ya bi kunnensa kaɗai, kiɗan zai tarwatse. Dole a samu hannu ɗaya da duk idanu za su gani a lokaci guda. Hannun dama na madugu shi ke auna saurin kiɗa, na hagu kuma shi ke cewa a ƙara ƙarfi, a sassauta, ko kai wane lokacin shigarka ya yi. Kowane makaɗi nasa layin kawai yake karantawa, madugu ne ke da babban kundin da ya haɗa na kowa.

Sai dai abin da ake gani daren wasa ƙarshen aiki ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ainihin sana'ar tana wurin gwaji, inda babu tafi. Nan madugu zai tsayar da mutum 90 saboda busa ɗaya da ta kauce, ya faɗi wanda ya yi ta ba tare da ya ci masa fuska ba. Takarda ta rubuta a yi sauri, amma ba ta faɗi sauri kamar yaya ba. Shi zai yanke. Wannan ya sa madugai biyu kan ɗauki kiɗa ɗaya, su fito da shi kamar ba uwa ɗaya ta haife shi ba. Jarin wannan sana'a kunne ne, sanda alama ce kawai.

Ita kanta sandar ba haka ta faro siririya ba. A fadar Sarkin Faransa Louis na 14, shugaban makaɗa Jean-Baptiste Lully da doguwar sanda mai nauyi yake buga ƙasa don auna kiɗa. A farkon 1687, ana tsakiyar wasan murnar samun sauƙin sarki, sai ya kuskure ya bugi ƙafarsa. Ciwon ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke, kuma shi ne ajalinsa a watan Maris na shekarar. Sai a ƙarni na 19, da makaɗa suka yawaita kiɗa kuma ya ƙara sarƙaƙiya, 'yar siririyar sanda ta samu karɓuwa. Felix Mendelssohn, wanda ya karɓi ragamar okestirar birnin Leipzig na Jamus a 1835, yana cikin waɗanda suka kafa ta.

To, ta ina ake shiga wannan sana'a? Kusan duk madugu makaɗi ne tun farko. Yakan yi shekaru a makarantar kiɗa, ya yi yaron gida wajen wani babba, yana horar da mawaƙa a bayan fage yana jiran ranarsa. Arturo Toscanini ɗan Italiya ranarsa ta zo masa a 1886 a birnin Rio na Brazil, yana ɗan shekara 19, yana cikin masu babban goge. 'Yan kallo suka yi wa madugun da aka sa ihu har ya sauka. Abokan aiki suka tura wannan yaro gaba, ya jagoranci wasan Aida daga farko har ƙarshe da ka, don ya haddace shi tsaf. Haka ma Leonard Bernstein: ranar 14 ga Nuwamba, 1943, dattijo Bruno Walter ya kwanta ciwo, aka kira mataimaki ɗan shekara 25 ya tsaya gaban okestirar New York, ana watsa wasan kai tsaye a rediyo. Washegari sunansa ya cika jaridu. Ana iya kiran wannan sa'a, amma sa'ar ta tarar da su ne da shirinsu.

Wasu kuwa shirin bai ishe su ba, domin ƙofar a kulle take. Dean Dixon, baƙar fata ɗan Amurka, ya jagoranci okestirar New York a 1941, wanda babu baƙin da ya taɓa yi kafinsa, amma babu babbar ƙungiyar da ta yarda ta ba shi kujerar dindindin a ƙasarsa. A 1949 ya tattara ya tafi Turai. Can ya shugabanci okestirar Gothenburg ta Suwidin daga 1953 zuwa 1960, sannan ta gidan rediyon Frankfurt daga 1961 zuwa 1974. Mata ma sun daɗe a bakin wannan ƙofa. Sai a 2007 Marin Alsop ta zama mace ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin manyan okestirorin Amurka, ta birnin Baltimore.

Girman madugu ba ya tsayawa a zaure. Toscanini ya ƙi kaɗa taken jam'iyyar Mussolini, mai mulkin Italiya a lokacin, har magoya bayanta suka mare shi a Bologna a 1931, shi kuma ya daina wasa a ƙasarsa sai 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bernstein ya yi shirye-shiryen talabijin 53 tsakanin 1958 da 1972 yana koya wa yara yadda ake sauraron kiɗa. A 1999 Daniel Barenboim, Bayahude, da masanin adabin nan Bafalasɗine Edward Said suka haɗa matasan Isra'ila da na ƙasashen Larabawa a okestira ɗaya, har suka yi wasa a Ramalla a 2005. A Benezuwela, José Antonio Abreu ya fara koya wa yara kiɗa kyauta a 1975, kuma daga wannan shiri Gustavo Dudamel ya fito, wanda ya karɓi okestirar Los Angeles a 2009 yana da shekara 28.

A nan Afirka ta Yamma, madugan mawaƙa sun fuskanci wata matsala da Bature bai sani ba. Harsuna irin su Yarbanci, Ibo, Ewe da Twi masu karin sauti ne, kamar dai Hausa, inda ɗaga murya ko sauke ta kan sauya ma'anar kalma. In aka ɗora baitin Yarbanci a kan karin waƙar cocin Ingila, sai muryar ta hau inda ya kamata ta sauka, maganar ta koma wata daban. T. K. E. Phillips, wanda ya yi kusan shekara 50 yana shugabantar mawaƙan babban cocin Anglika na Legas, ya dage a kan lalle karin waƙa ya bi karin magana. A Ghana, Ephraim Amu ya tsara wa ƙungiyoyin mawaƙa waƙoƙi cikin Ewe da Twi, kuma a farkon shekarun 1930 ya rasa aikinsa na koyarwa a Akropong saboda ya nace wa kiɗan gargajiya da tufafin gida. Farfesa Laz Ekwueme na Jami'ar Legas ya ci gaba da wannan gwagwarmaya da ƙungiyar mawaƙan da ya kafa a 1974.

Sai kuma labarin Kinshasa. Armand Diangienda matuƙin jirgin sama ne da aiki ya kuɓuce masa. A 1994 ya kafa okestira da 'yan tsirarun mutane da kayan kiɗan da ba su ishe su ba, ana karɓa-karɓa, in tsirkiyar goge ta tsinke a ɗaura wayar birkin keke. Shi da kansa ya koya wa kansa aikin madugu. Makaɗansa masu neman abinci ne da rana, su taru gwaji da yamma, kuma da haka suka kai ga kaɗa manyan ayyukan Beethoven, har aka yi musu fim a 2010.

Akwai wata al'ada a wannan sana'a. Idan kiɗa ya ƙare tafi ya ɓarke, madugu kan juyo ya rusuna, sannan ya miƙa hannu ga makaɗansa ya tashe su tsaye, wani lokaci ya nuna mai sarewa ɗaya can a tsakiya don a yi masa nasa tafin. Ya san dalili. Tun daga farkon dare har ƙarshensa, babu sauti ko ɗaya da ya fito daga sandarsa.