3.4 Aikin Ma'aikaciyar Jinya Daga Fara Naƙuda Zuwa Farkon Jego

A sashen da ya gabata an yi bayanin matsayin ungozoma a gargajiyar Bahaushe. A nan kuma za a dubi aikin ma'aikaciyar jinya a asibiti. Babban abin da ya bambanta su shi ne, ungozoma galibi sai haihuwa ta sauka ake kiranta ta yanke cibi, ita kuwa ma'aikaciyar jinya aikinta sa ido ne tun daga farko, domin ta gano matsala kafin ta yi ƙamari.

Da zarar naƙuda ta kankama, takan auna hawan jinin mace da zafin jikinta, ta kuma saurari bugun zuciyar ɗan da ke ciki, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 110 zuwa 160 a minti ɗaya. Bayan kowace awa 4 takan duba buɗewar bakin mahaifa har ya kai santimita 10. Wannan awo shi ke nuna doguwar naƙuda, wadda ke jawo yoyon fitsari. A nan al'adar kunya kan zama cikas, domin mai haihuwar fari takan ɓoye ciwonta har lokaci ya ƙure.

Idan jariri ya faɗo, sai a tsane jikinsa, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a dakata aƙalla minti 1 kafin a ɗaure cibiya. Ita kuma uwar akan yi mata allurar oksitosin don mahaifa ta tsuke, sannan a bincika mabiyiya ko ta fita gaba ɗaya, saboda guntun da ya maƙale yana sa zubar jini.

Awowin farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari. Jinin da ya kai mililita 500, wato rabin lita, alama ce ta matsala. Don haka akan riƙa taɓa marar mai jego ana duba ƙunzugunta a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a sallame ta kafin awa 24. Har ila yau, akan sa jariri a nono cikin awa ta farko domin ya sha dakashi, wanda a da ake matsewa a zubar, alhali kuwa rigakafi ne gare shi.

Kafin sallama akan yi wa mai jego da danginta nasiha. Binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da ciwon zuciyar masu jego. Saboda haka akan nemi a sassauta su, kuma a dawo asibiti da gaggawa in an ga zazzaɓi, jijjiga, kumburi ko yawan jini.