Fitilar Kwalba: Yadda Take Ci Da Yadda Ake Kauce Wa Sharrinta

Duk wanda ya ratsa ta gefen bola a garuruwanmu, da wuya ya wuce bai ga kwalabe a zube ba, wasu da lafiyarsu, wasu kuwa a farfashe suna jiran ƙafar yaro ko ta dabba. Takarda da ganye da tsumma duk sukan ruɓe su koma ƙasa, amma gilashi ba ya ruɓewa. Masu binciken kayan tarihi har yau suna tono kwalaben da Rumawa suka ƙera shekaru kusan 2,000 da suka shige, su same su da siffarsu. Ashe kenan kwalbar da muka yar a bana za ta iya riskar jikokin jikokinmu a inda muka bar ta.

Ɗaya daga cikin hanyoyin sake amfani da kwalba ita ce a mayar da ita fitilar haskaka tsakar gida ko dandali, lokacin walima ko hirar dare. A Amurka da ƙasashen Turai wannan abu ya zama yayi. Sukan kakkafa sanduna a farfajiya, su ɗaura wa kowace kwalba mai lagwani, baƙi su zauna a ƙarƙashin haskensu. Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ƙanwar aci-balbal ce, wadda mai shayi da mai tsire da mai ƙosai suka daɗe suna kunnawa a kasuwar dare. Sai dai Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Haɗa wannan fitila ba ya cin rabin sa'a, amma wanda bai san abin da ke gudana a cikinta ba yana iya jawo wa gidansu gobara. Don haka kafin mu zo ga yadda ake haɗa ta, bari mu fara duba kimiyyar da ke ƙunshe a cikinta.

Asalin kwalba

Da yashi ake yin gilashi. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na jikin kwalba daga yashi ya fito, amma yashi zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Selsiyos. Domin a sauƙaƙa narkewar, sai a zuba masa sinadarin soda, wanda dangin kanwar da muke sawa a miya ne. Mutanen Masar na zamanin da ma da irin wannan kanwa suka riƙa yin gilashinsu. Abu na uku shi ne dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi, kuma aikinsa shi ne hana ruwa cin gilashin. Ana dafa waɗannan abubuwa uku a tanderu mai zafin kusan digiri 1,500, sannan a hura narkakken a cikin mazubi ya fito da siffar kwalba. A da da baki ake hurawa, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa shekarar 1903 da wani Ba'amurke mai suna Michael Owens ya fito da injin da ke yin aikin da kansa.

Irin wannan zafi kuwa ba ya samuwa sai an ƙona makamashi mai yawa. Shi ya sa masana'antu ke sayen fasassun kwalabe su sake narkarwa, domin sun fi ɗanyen yashi saurin narkewa, kuma gilashi ba ya rage kyau komai yawan narkarwar da aka yi masa. A nan gida ma, Masaga na garin Bida a ƙasar Nufe sun daɗe suna narkar da kwalabe su yi ƙarau da duwatsun ado, kuma a shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'o'in hannu. Duk da haka, amfani da kwalba yadda take ya fi narkar da ita arha, tun da ba a hura mata wata wuta. Abin da mata masu sayar da soyayyar gyaɗa da zuma da man shanu suke yi kenan tun tuni.

Yaya mai ke hawa lagwani?

Kowa ya san ruwa gangarawa yake yi. To, me ya sa kananzir da ke ƙasan kwalba yake hawa sama zuwa bakinta? Sami tsumma busasshe ka tsoma gefensa kawai a cikin kwanon ruwa. Bayan ɗan lokaci za ka ga danshi ya hau har inda ruwan bai taɓa ba. Dalili shi ne tsakanin zaren auduga akwai 'yan siraran kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin ruwa suna manne wa jikin zaren, su kuma riƙe junansu, saboda haka wanda ya hau sai ya jawo na bayansa. Gwargwadon sirantar kafa, gwargwadon nisan hawan. Ta wannan hanya ce danshi ke hawa gindin katanga da damina, kuma ta nan ne lagwani ke tsotso mai ya kai wa wuta.

Kowane mai da irin saurinsa. Kananzir tsararo ne, yana hawa da sauri. Man gyaɗa da man kaɗanya kuwa suna da kauri, tafiyarsu a hankali take, ba sa iya ƙosar da wutar da ke can saman doguwar kwalba. Wannan ne ya sa fitilar kakanninmu ta kasance ɗan kasko marar zurfi, inda ake kwantar da lagwanin auduga a bakinsa dab da man. Ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun gano shi ta hanyar gwaji.

Abin da ke ci da wuta

Sau da yawa mutane na zaton lagwani ne ke ci, ko kuwa ruwan man. Ko ɗaya ba haka ba ne. Zafin harshen wuta yana mayar da man da ya iso kan lagwani ya zama tururi, kuma wannan tururi ne ke haɗuwa da iskar oksijin ya kama. Muddin mai na isowa, fitar tururin tana sanyaya lagwanin, shi ya sa ba ya ƙonewa sai kaɗan. Da zarar mai ya ƙare sai ka ga ya babbake nan da nan.

Shahararren masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya gabatar wa yara laccoci shida a birnin Landan kan kimiyyar kyandir, aka buga su a littafi a shekarar 1861. Cikin gwaje-gwajen da ya nuna akwai wanda kowane malami zai iya maimaitawa a aji. A kunna kyandir ya ci na ɗan lokaci, a hure shi, sannan a yi maza a kai ashana mai ci cikin farin hayaƙin da ke tashi, ɗan nesa da lagwanin. Za a ga wuta ta bi hayaƙin ta sauko ta sake kama lagwanin ba tare da ashana ta taɓa shi ba. Wannan farin hayaƙi tururin kakin ne.

Shi kuwa rawayan hasken da muke gani, daga 'yan ƙananan ƙwayoyin kabon yake fitowa, waɗanda zafi ya sa suka yi jajir a cikin harshen wutar. Idan iska ta wadata sai su ƙone ƙurmus kafin su fita. Idan lagwani ya yi tsawo, tururi ya fi ƙarfin iskar da ke kewaye, sai su tsere a matsayin baƙin hayaƙi. Ɗora cokali mai sanyi a saman wutar na daƙiƙa biyu, za ka ga sun manne masa baƙi ƙirin. Abin da ke shiga huhun mai zama kusa da aci-balbal kenan. Ƙari a kan haka, wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata iska mai guba, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutum yana barci. Saboda haka wannan fitila ta waje ce, ba ta cikin ɗaki ba.

Kananzir da fetur

Tun da tururi ne ke ci, to mai ba ya kamawa sai ya yi ɗumin da zai fitar da isasshen tururi. Kananzir mai kyau ba ya kaiwa wannan matsayi sai ɗuminsa ya kai wajen digiri 38 ko fiye. Man gyaɗa sai ya haura digiri 200. Fetur kuwa, ko da sanyinsa ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, yana fitar da tururin da zai kama. Ke nan babu wani yanayi a ƙasarmu da fetur ba a shirye yake ya tashi ba.

Yanzu mu dubi sararin da ke tsakanin saman mai da bakin kwalba. Idan kananzir ne zalla kuma yana da sanyi, tururin da ke wurin bai isa ya kama ba. Amma idan an gauraya shi da fetur ko da kaɗan ne, sararin yakan cika da haɗin tururi da iska wanda ƙyas ɗaya zai tayar, kwalba ta tarwatse, mai ya fantsama yana ci. Wannan shi ne musabbabin fashewar fitilu da risho da ya sha hallaka mutane a Nijeriya a duk lokacin da gurɓataccen kananzir ya shiga kasuwa. Don haka kada a yi amfani da kwalba ko mazurari ko galan da aka taɓa zuba wa fetur, irin na 'yan bumburutu. Haka kuma a tuna cewa a watannin Maris da Afrilu zafin rana a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi yakan wuce digiri 40, wato kwalbar da ta yini a rana ta riga ta kai matsayin kamawa. A ajiye ta a inuwa, a kunna ta bayan faɗuwar rana.

Shi ma gilashin yana da nasa rauni. Zafi ba ya ratsa shi da sauri, saboda haka idan wuta na lasar bakin kwalba, wurin zai buɗe alhali na kusa da shi bai motsa ba, sai ya tsage. Abin da ke faruwa kenan idan an zuba tafasasshen ruwa a kofin gilashi mai sanyi, ko ruwa ya ɗiga a kan ƙwan fitila mai zafi.

Yadda ake haɗa ta

Ɗalibai su yi wannan aiki a gaban malami ko wani babba. A zaɓi kwalba mai kauri, mai faɗin gindi, marar tsagu ko kaɗan. A wanke ta, a kife ta har ta bushe sarai. A zuba mata tsakuwa wankakkiya zuwa kamar sulusinta, domin ta yi nauyin da iska ba za ta ture ta ba, kuma ta rage yawan man da za ta ɗauka.

Daga nan a nemi guntun bututun jan ƙarfe wurin masu aikin famfo, wanda zai zauna daram a bakin kwalbar ya kuma ɗan ɗara ta tsawo. Aikinsa biyu ne: ya riƙe lagwani, ya kuma ɗaga wuta daga jikin gilashi. Lagwanin ya zama na auduga zalla, ko kuwa na zaren gilashi wanda ba ya ƙonewa. Zaren roba narkewa yake yi, bai dace ba. Lallai ne lagwanin ya cika bututun, kada ya bar gurbin da wuta za ta bi ta sauka ciki, ko shi kansa ya zame ya faɗa.

A zuba kananzir da mazurari zuwa kafaɗar kwalba, kada a cika ta maƙil, domin mai yana ƙara yawa idan ya ji ɗumi. A goge duk wanda ya zuba a jikinta, a jira lagwani ya jiƙa, sannan a bar abin da bai wuce santimita 1 ba a waje. Hanya mafi aminci ta girke ta ita ce a binne rabinta a cikin bokitin ƙarfe ko tukunya cike da yashi, nesa da zana da jinka da labule da hanyar da mutane ke bi da manyan riguna da mayafai. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi, a haƙura. In za a kashe, a kifa mata ɗan gwangwani, kuma kada a ƙara mai sai ta mutu ta huce.

A ƙasashen waje sukan sa wa man ɗan turaren sitronela, wanda ake tatsa daga wata ciyawa mai ƙamshin lemo, wai don korar sauro. Tasirinsa kaɗan ne, iska kuma na kwashe shi. Ba zai maye gurbin gidan sauro ba.

Idan tsautsayi ya auku

Kada a watsa ruwa a kan man da ke ci. Kananzir bai kai ruwa nauyi ba, sai ya hau kansa ya bi shi duk inda ya gangara yana ci. A rufe shi da yashi, domin ya raba shi da iska. Wanda ya ƙone, a riƙa zuba masa ruwa mai sanyi a wurin na tsawon minti 20, ba ƙwai ba, ba gishiri ba, ba man goge baki ba, sannan a kai shi asibiti.

Akwai kuma haɗarin da ba na wuta ba. Yaro ƙarami ya san kwalbar lemo da abin sha, kuma shan kananzir daga irin wannan kwalba na daga cikin gubar da aka fi kai yara asibiti a kanta a ƙasashenmu. Idan hakan ta faru, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin babban haɗarin shi ne man ya sarƙe shi ya shiga huhu. A garzaya da shi asibiti. Maganin abin tun farko shi ne a ɓamɓare takardar da ke jikin kwalbar, kuma da an tashi daga taro a juye sauran man a galan mai murfi, a ɗaga kwalbar inda hannun yaro ba zai kai ba.

A yau fitilun sola sun wadata, ba su da hayaƙi, ba sa ƙona gida, kuma su ne suka dace da ɗaki da karatun dare. Fitilar kwalba wurinta tsakar gida ne, na 'yan sa'o'i, a gaban idon babba. Ga malamin kimiyya kuwa, ko makarantarsa ba ta da ɗakin gwaji, da kwalba ɗaya da tsumma da kyandir da cokali zai iya koyar da darussa huɗu: hawan ruwa ta siraran kafofi, juyewar ruwa zuwa tururi, ƙonewa, da buɗewar abubuwa idan sun ji zafi. Muna fatan malamai za su jarraba, ɗalibai kuma su kai abin da suka koya gida, musamman batun fetur da na ajiye mai a kwalbar lemo.