Ƙyama Biyu a Kan Mutum Ɗaya: Ƙwaya, Neman Maza da Lafiyar Jama'a

Batun da za mu duba a yau yana da nauyin faɗa, amma Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A cikin 1963 wani masanin zamantakewa na Amurka, Erving Goffman, ya bayyana ƙyama da cewa tabo ce wadda jama'a kan ɗora wa mutum har ta shafe sauran halayensa duka. To, akwai mutanen da ke ɗauke da irin wannan tabo har biyu, watau maza masu neman maza waɗanda kuma suke shan ƙwaya lokacin saduwa. A Ingila aka fara yawan nazarin wannan al'amari, inda aka ga ƙwayoyi irin su metamfetamin suna gusar da tsoro da kunya, tare da gusar da tunanin kariya. Metamfetamin ɗin kuwa ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, domin tun 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin haɗa ta a Legas.

Me ya sa abin ya shafe mu? Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cutar ƙanjamau ta kama kashi 1.4 cikin ɗari na manya, alhali kuwa binciken 2014 ya sami kusan kashi 23 cikin ɗari a tsakanin maza masu neman maza. A watan Janairu na 2014 aka sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, mai hukuncin ɗaurin shekara 14. Wani nazari da aka yi a Abuja ya nuna masu tsoron zuwa asibiti a cikinsu sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 bayan dokar.

Mu ƙaddara wani saurayi a Unguwar Mu'azu. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, mai sashen kula da mashaya ƙwaya, cikin garin Kaduna ɗin nan. Amma in ya je, likita zai tambaye shi yaushe yake sha, kuma da wa. In ya faɗi gaskiya yana tsoron tonon asiri da ɗauri. In ya ɓoye, a yi masa rabin magani. Saboda haka sai ya zauna gida. Tsangwama ta haifi baƙin ciki, baƙin ciki ya mai da shi ga ƙwaya, ƙwaya ta buɗe wa cuta ƙofa. Daɗa da yawa daga cikin irinsa suna da aure, ko za a yi musu. Ke nan cutar da aka ƙi gwadawa za ta iske matar da ba ta san komai ba, har da jaririnta.

Ba ina neman kowa ya sauya ra'ayinsa game da halin ba ne. Abin da nake cewa shi ne, aikin malamin asibiti dabam, na alƙali dabam. Dokar 2014 ta hana nuna bambanci ga masu ƙanjamau ta wajabta rufe asirin majiyyaci. An kuma tabbatar cewa wanda ya riƙe shan maganin ƙanjamau har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwaji ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Saboda haka ma'aikacin da ya karɓi wannan saurayi da mutunci, ya kame bakinsa, lalle ya tsare gidaje da yawa a unguwar, wataƙila har da nasa.