Tseren motocin ƴan sha'awa a Birtaniya: me doka ta ce a kan kujerar direba?

A Birtaniya akwai wani tseren motoci da ba sai attajiri ke shiga ba. Suna kiransa sprint. Mota ɗaya ce ke tashi a lokaci guda, ta bi gajeriyar hanyar kwalta da aka killace, agogo na ƙirga mata daƙiƙu, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci. Idan hanyar hawan tudu ce, shi ne irin wanda ake kira course de côte a Faransa. Filin Shelsley Walsh da ke gundumar Worcestershire yana karɓar irin wannan hawa tun 1905, tsawonsa mita 914 kacal.

Da yawa daga cikin masu shiga, da motar da suke zuwa aiki suke zuwa fili, su yi tsere, da yamma su tuƙa ta zuwa gida. Sai dai wanda ya fara ɗanɗana wasan ba ya daɗewa yake tunanin sauya kujera, domin kujerar kamfani tana da laushi, a kwana mai tsanani jiki na zamewa gefe, direba ya koma riƙe sitiyari don kada ya faɗi maimakon ya juya shi. A nan ne doka ke shigowa.

Motar titi ta zauna motar titi

Hukumar Motorsport UK, wadda kafin 2018 ake kira MSA, ita ke tsara dokokin. Ta raba motoci rukuni-rukuni, kuma rukunin motocin titi yana da sharaɗi babba: dole motar ta cika ƙa'idar hawa titin gwamnati. Tana da inshora, an biya harajinta, tayoyinta na cikin jerin da hukumar ta amince da su, kuma idan ta kai shekara 3 tana da takardar MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kwatankwacin bizit a ƙasashen da ke aiki da Faransanci.

Daga wannan sharaɗi dokar kujera ta samo asali. Kayan cikin mota su zauna yadda suke, har da kujerun baya. Kujerun gaba ne aka ba da izinin sauyawa da na tsere saboda kare lafiya, amma su kasance masu cikakken rufi, ba ƙwarya tsirara ba.

Dalilin shi ne nauyi. A wasan da ake raba na ɗaya da na biyu da kaso ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, duk kilon da aka rage riba ce. Da an bar kowa ya kwashe kujeru da rufin ƙofofi, da rukunin ya zama na masu kuɗin ajiye mota ta musamman, mai mota ɗaya tak ya koma ɗan kallo. Wanda ya kwashe kayan ba a hana shi wasa ba, amma za a tura shi rukunin motocin da aka yi wa gyaran tsere, inda ake neman ƙarin kayan kariya masu tsada, abokan karawa kuma sun fi shi gudu nesa ba kusa ba.

Inda haɗarin yake

Kafin mota ta shiga hanya, jami'in bincike yana duba ta, kuma cikin abin da yake fara kamawa ya girgiza akwai kujera. Ba kyanta yake kallo ba, yadda aka ɗaure ta yake dubawa. A karo, nauyin direba yana ninkuwa sau da yawa, kuma kujerar da ta tsinke daga gindinta tana sa bel ya rasa amfani.

Ƙa'idar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, a fili take ga wanda ya sauya maɗaurin kamfani. A ɗaure kujera a wuri 4 aƙalla, da notin da kaurinsa bai gaza milimita 8 ba. A sa farantin ƙarfe ta ƙarƙashin bene don kada notin ya yage shi ya fito. Kaurin maɗauri da farantin kada ya gaza milimita 3 idan na ƙarfe ne, ko 5 idan na alminiyam ne. Ɗan guntun ƙarfen da aka huda aka lanƙwasa a gareji ba ya cika wannan sharaɗi, ko da kujerar da ke kansa ta fi motar tsada.

FIA tana kuma da ma'aunin ingancin kujerun kansu. Kujera mai lambar 8855-1999 wa'adinta shekara 5 ne, masu lambar 8862-2009 da 8855-2021 kuwa shekara 10. Rukunin motocin titi a sprint bai wajabta wannan lamba ba, kujerar kamfani da bel ɗinta mai maɗauri uku sun isa a fara. Amma mai sayen kujera ta hannu ya duba tambarin da ke jikinta, musamman idan yana da niyyar ƙarawa gaba zuwa gangamin rali, inda ake duba wa'adin.

Kujera da bel tare suke aiki

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne sauya ɗaya su bar ɗaya. Bel ɗin tsere mai madauri huɗu ko shida yana buƙatar kujera mai ramuka a bayan kafaɗa. Idan aka ɗora shi a kujerar kamfani, madaurin na iya zamewa daga kafaɗa. Idan kuma aka ɗaure shi can ƙasa a benen bayan kujera, a karo yana danne kashin baya. Shi ya sa FIA ta ce madaurin kafaɗa kada ya karkata ƙasa sosai, an fi so ya tsaya kusa da miƙe. Haka nan kujera mai dogayen gefe na iya ɗage bel ɗin kamfani daga ƙugu, ya bar shi a sake a kan ciki.

Motocin zamani suna da wata matsalar. Yawancinsu akwai jakar iska ta kariya a gefen kujera. Idan aka cire kujerar, fitilar gargaɗi tana kunnuwa a gaban direba, kuma wannan fitila kaɗai tana kayar da mota a gwajin MOT. Motar da ba ta da MOT kuwa ta fita daga rukunin. Kamfanin inshora ma yana buƙatar a sanar da shi duk wani sauyi.

Dokokin suna sauyawa, kuma kowace gasa tana ƙara nata sharuɗɗan a kan na hukuma. Saboda haka tsofaffin ƴan wasa sukan shawarci sabon shiga ya yi gasarsa ta farko da kujerar da motar ta zo da ita, ya karanta dokar wannan shekarar, sannan ya tambayi jami'in bincike kafin ya kashe ko kwabo a kan sabuwa.