Karakara: Yadda ƙura ke cinye injin babur

A Karakara da ke jihar Dosso, kusa da iyakar Najeriya, babur ne ke kai mara lafiya asibiti, shi ke kai hatsi kasuwa. Shi ya sa matasa ke sa masa tayoyi masu manyan haƙora saboda rairayi da taɓo, su ƙarfafa wurin ɗaura kaya.

Sai dai ɓarnar a cikin inji take. Idan matatar iska ta yage, ƙura kan shiga ta cinye fistin, babur ya riƙa hayaƙi yana zuƙe mai.

Don haka masu turo kuɗi daga waje su sani: sayen babur somin taɓi ne. A ware na baƙin mai, matatar iska da sarƙa, kafin a yi zancen ado.