Hasken da ke tona asirin jinin da ya ƙi tsayawa

Akwai yaron da haɓo ba ya rabuwa da shi. In ya yi famfara, dasashi ya wuni yana jini; ranar kaciya kuwa hankalin iyaye ya tashi. A kai shi awo, takarda ta nuna plaket ɗinshi, wato ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni, sun cika adadi: tsakanin 150.000 da 400.000 cikin mikrolita guda. To, ina matsalar take?

Wani likitan yara ɗan ƙasar Suwis, Eduard Glanzmann, shi ya fara bayyana wannan ciwo cikin shekara ta 1918. Sai a 1974, a birnin Paris, Alan Nurden da Jacques Caen suka gano mafarinshi. A jikin kowace plaket akwai dubun dubatar ƙugiyoyi na furotin, masu suna GPIIb/IIIa, da ke sa ƙwayoyin su sarƙe da juna. Ga mai ciwon, ƙugiyoyin sun yi ƙaranci ko ba su aiki. Ma'aikata sun hallara, kayan aiki babu.

Ƙirga ƙwayoyi ba ya nuna wannan giɓi, sai an bi ta wata dabara. Tun 1975, lokacin da Köhler da Milstein suka buɗe hanya a Ingila, ana iya sarrafa antikor, wato sojojin garkuwar jiki, wanda furotin ɗaya tak yake kamawa, kamar makulli da kwadonshi. Sai a liƙa ma antikor ɗin rini mai ƙyalli, a gauraya shi da ƴan ɗigon jini. Wata na'ura da ake kira sitometir tana tura ƙwayoyin a layi, ɗaya bayan ɗaya, dubbai cikin daƙiƙa guda, ta gaban hasken lazer. Wadda ke da ƙugiya sai ta yi ƙyalli, kore ko ruwan lemu. Wadda ba ta da ita ta wuce cikin duhu. Da antikor na CD41 da CD61 ake neman ciwon Glanzmann, wanda a nau'inshi mai tsanani ƙugiyoyin ba su kai 5 cikin 100 ba. Na CD42b kuwa yana tona ciwon Bernard-Soulier, da aka bayyana a Faransa a 1948, inda plaket ke kasa mannewa jikin jijiyar da ta ji rauni.

Ciwon Glanzmann gado ne ta wajen uwa da uba duka, shi ya sa ya fi yawa inda auren zumunci ya yawaita. Iyayen suna nan lafiya lau, amma na'urar kan nuna ƙyallin plaket ɗinsu kusan rabi ne, kuma kowane cikin da matar ta ɗauka, akwai kasadar 1 cikin 4 jaririn ya zo da ciwon.

Sanin sunan ciwo rabin magani ne. Iyalin da suka sani za su nisanta yaro da asfirin, su lura da ɗiya mace in ta fara al'ada, kuma su sanar da likita kafin kaciya, cire haƙori ko haihuwa, domin a tanadi plaket ɗin ƙari tun jini bai ɓalle ba.